Yadda Nomau Ya Yi Jinyar Kwamfuta

Gidan Nomau shi ne na ƙarshe a Kwarin Maje in ka nufi rafi. Ɗaki biyu ne da rumbu da turken jaki. Mutanen gidan su ne shi da matarsa Uwale, sai awaki da ba sa jin maganar kowa. Da can akwai uwarsa Tasalla, wadda take yayata ce ciki ɗaya, amma ta riga mu gidan gaskiya. Nomau ya haura arba'in. Ƙaƙƙarfa ne, ba ya sata, ba ya ƙarya, salla ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne kawai: yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Uwale ta taɓa ce masa ya duba mata tukunya za ta shiga maƙwabta, ta dawo ta same shi tsugune yana duban miya tana ƙonewa. Tun daga ranar ta koyi auna magana kafin ta fito da ita.

Ni kawunsa ne. Ban yi nisa a boko ba, gyaran rediyo na yi duk rayuwata a ɗan shagona na bakin kasuwa. Lokacin da rakoda ta shigo hannuna sai na kama ɗaukar muryoyin mutane a kaset. In ana gayya in ɗauki makaɗa, in mata na daka in miƙa rakodar ta kan katanga, in tsoho ya zauna yana faɗin yadda aka sari garin nan in zauna gefensa. Ban yi don komai ba, sha'awa ce. Da ɗana Sabi'u ya koyi gyaran waya a Malumfashi, ya kawo mini wata tsohuwar kwamfuta, ya juye kaset ɗin nan kaf a cikinta, ya sa mini sola a kan rufi. Akwai wata manhaja da ya yi aikin da ita, ita ce ke ajiye muryoyin, ita ce kuma ke kunna su. Kaset ɗin kuwa na zuba su a kwali, gara ta ci kwalin, zaren ya manne. Ya zama duk wanda ya mutu a garin nan da murya a hannuna, a cikin kwamfutar nan kaɗai ake iya jinsa.

A ciki akwai waƙar niƙa ta Tasalla, wadda ta yi tana goye da Nomau. Da sunansa a ciki. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai zo shago, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa, in kunna masa. Sai ya kasa kunne. In ta ƙare sai ya ce, "Inna tana nan lafiya," ya tafi.

Sabi'u ɗan namiji ne, Nomau ɗan mace, wato taubasai ne. A wasan taubasai Sabi'u kan kira shi bawana. Kowa ya san wasa ne ban da Nomau, wanda ke kiran Sabi'u ubangidana duk da ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ya fito bakin Sabi'u umarni ne a wurinsa.

Da Babbar Salla Sabi'u ya zo gida. Ya duba kwamfutar ya ce an bar ta a baya, ya haɗa ta da wayarsa ya yi mata abin da ya kira sabuntawa. Ban hana shi ba, don shi ya san aikinsa. Washegari ya koma Malumfashi. Daga nan kwamfutar ta kama wani hali. Ba wanda ya taɓa ta, sai ka ji gidan faifai ya ɗauki gurnani, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa, farantin da ake ɗora faifai ya turo kansa waje. In gurnanin ya tashi komai sai ya tsaya cik. Ranar Juma'a Tasalla tana tsakiyar waƙa muryarta ta yanke, sai ƙarar nan, can ta dawo ta tsallake baiti. Nomau ya dube ni ya tambaya ko Inna ta shaƙe ne. Na ce na'ura ce ba ta da lafiya. Ya ce to shi zai yi jinyarta.

Wata rana aka yi rasuwa a ƙauyen gaba, dole in je. Na bar Nomau a shago saboda masu kawo cajin waya. Ina fita farantin ya turo, na mayar da shi da yatsa na ce masa in ya sake fitowa ya mayar da shi haka nan. Ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar da mutane tsaye a ƙofar shago riƙe da wayoyinsu, ba wanda aka karɓi tasa. Kwanon abincin da Uwale ta kawo yana ajiye, akuya ta gama da shi. Nomau yana durƙushe, yatsansa a miƙe daf da farantin. Ya ce ai bai samu sukunin juyawa ba, da ya ɗauke ido take fitowa. Da lokacin azahar ya yi, ya rasa yadda zai yi, sai ya samo igiyar rama ya ɗaure kwamfutar tamau kamar damin dawa, ya je ya yi salla ya dawo ya kwance. A cikin ɗaurin nan farantin ya yi ta turawa har wani abu ya tsinke a ciki. Daga ranar bai sake fitowa ba. Gurnanin kuwa ya ƙaru, don yanzu tana turawa ne ba ta samun hanya.

Wata rana na kira Sabi'u na buɗe muryar wayar don Nomau ma ya ji. Sabi'u ya ce irin wannan matsala sai an gano abin da ke tayar da ita, a lura da abin da aka yi daf da ƙarar ta tashi. Ni na gane yana nufin abin da aka danna. Nomau ya zauna ya lura. Da yamma muka sake kira, ya jero wa Sabi'u abin da ya gani: sau ɗaya mai goro ne ya wuce, sau ɗaya ladan ya yi tari a lasifika, sau ɗaya shi kansa ya yi hamma, sauran kuwa duk kaza ce ta gifta ta ƙofar shago. Sabi'u ya yi dariya har yana tari.

"To bawana, ka gano ta. A hana kaji wucewa."

"An gama, ubangidana."

Ni ma na yi murmushi na manta da zancen. Da safe na fito na tarar da kajin unguwar kasuwa a ɗaure ƙafa da ƙafa a ƙarƙashin dalbejiya, Nomau yana tsaye a kansu da sanda. Wata tsohuwa mai ƙosai ta zo tana neman kazarta da ke kwanci, ƙwai ya huce. Ta wanke mu tas, ni da shi da wanda ya haifi kwamfutar. Na bi gida gida ina ba da haƙuri da furfurata. Muna cikin kwance kajin muka jiyo gurnani daga shago. Nomau ya tsaya ya ƙirga su da ido, ya ce lalle akwai wadda ta kuɓuce masa.

Wata rana kuma, damina ta kankama, Sabi'u ya ce wataƙila zafi ne ya yi mata yawa, shagona ba taga, a sa ta inda iska ke kaɗawa. Na ce zan matsar da ita bakin ƙofa in na dawo daga gona. Na dawo ban ga kwamfuta ba. Tebur kawai da wayoyi a zube. Aka ce an ga Nomau ya ɗora kaya a mangala ya kora jaki ya nufi Dutsen Maje, wanda kowa ya san ba inda ya kai shi iska a ƙasar nan. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Ruwa ya same ni a gindin dutsen. Da na kai sama na ga jaki tsaye ya sunkuyar da kai, Nomau kuma kwance rub da ciki a kan akwatin kwamfutar, ya naɗe shi da rigarsa da mangalar, ruwa na dukan gadon bayansa. Gilashin da ake kallo ya bar shi a gefe, don a ganinsa ba a nan Inna take ba. Wannan ya tafi ke nan. Akwatin ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya ɗago kai yana rawar ɗari ya ce, "Kawu, ta sha iska sosai kafin ruwan ya zo." Na rufe bakina.

Ya kwanta zazzaɓi kwana da kwanaki. Uwale ta zo har shago, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce don Allah in gaya wa Sabi'u in zai yi wasan taubasai ya riƙa yi da ita, ita tana da bakin ramawa, mijinta kuwa bayansa kawai yake da shi. Na ce zan faɗa. Na faɗa.

Sabi'u ya zo da kansa da wani gilashin na hannu. Ya zauna ya riƙa rufe manhajojin ciki ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Da ya rufe wadda ke kunna muryoyi sai shiru. Ya buɗe ta, gurnani ya dawo. Ya ce ga mai laifin nan. Ta tsufa, sabon tsarin da ya sa bai san da ita ba, ita ce ke ta taɓa gidan faifai ba dalili, har ma takan tashi da kanta in an kunna na'urar. Na tambaye shi ko za a iya mayar da kwamfutar yadda take kafin Salla. Ya ce lokacin yin haka ya wuce. Ya ce zai tambayi abokan sana'arsa. Da zai hau babur ya ga Nomau, wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya bari kowa ya taɓa ta sai ya dawo.

Wata rana, Juma'a ce, aka sauko daga masallaci. Nomau ya cire takalmi ya zauna a inda ya saba. Na miƙa hannu zan kunna masa, ya riƙe mini wuyan hannu. A hankali ya riƙe, amma ko motsi na kasa.

"Kawu, ubangidana ya ce kowa."

"Ni ne na haifi ubangidan naka."

"Bai ce ban da kai ba."

Na ce bari in kira Sabi'u ya faɗa masa da bakinsa. Ya ce ai cewa ya yi sai ya dawo, murya a waya kuwa ba dawowa ba ce. Haka muka zauna ni da shi muna kallon baƙin gilashi. Hawaye na bin fuskarsa, hannunsa yana kan nawa. Aiki ya riƙe Sabi'u a Malumfashi, Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har aka fara yankan gero. Duk ranar zai zo ya zauna, ba a kunna ba, ya tashi ya tafi bai ce Inna tana nan lafiya ba. Wannan ya fi duk sauran tsaya mini a rai. Ba mu san Juma'o'in da suka rage mana ke nan ba.

Da Sabi'u ya dawo ya ce ba wanda ya ba shi amsa mai kama hankali. Tsoronsa shi ne wannan tsaye-tsayen zai kashe ma'ajiyar kwamfutar wata rana a rasa komai. Shawararsa ita ce ya kwafe muryoyin a filas, wato 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya goge na'urar tas, ya sake zuba mata komai sabo, sannan ya mayar da su. Na tambaye shi ko ya tabbata za su dawo. Ya ce ba ko shakka. Sai dai filas ɗin ƙarami ne, muryoyin za su cika shi. Ga kuma takardun hedimasta a cikin kwamfutar da hotunan bikin wasu mutane, su ba za su samu wuri ba. Ya juya ya ce wa Nomau ya je ya faɗa wa duk mai abu a cikin kwamfutar nan ya zo ya kwashi nasa yau, don gobe da safe za a goge. Mutum biyu zuwa uku yake nufi.

Wata rana ce da ba zan manta ba. Nomau bai nufi gidan hedimasta ba. Ya fara daga gidan farko na gabas, ya yi sallama, ya ce wa matar gidan mijinta marigayi yana cikin kwamfutar Kawu, ta zo ta kwashe shi kafin gobe. Ya wuce gida na gaba ya ce kakarsu tana ciki. Ya je gidan liman ya ce tsohon liman yana ciki. Ya san kowace murya da gidanta, don shekara da shekaru yana zaune a shagon nan ana kunna su. Bai tsallake gida ɗaya ba.

Bayan azahar na ji hayaniya na leƙo. Gari ne ya taso. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, 'yan acaɓa sun jingine baburansu. Sabi'u ya fito yana bayani cewa kuskure ne, ba abin da zai ɓata, kowa ya koma gida. Ba wanda ya motsa. Wata gwauruwa da ake kira Tabawa ta ce ita dai an ce mijinta na ciki, ba za ta tafi ba sai ta ji shi. Na dubi mutanen nan na ga ba a korar su. Na ce wa Sabi'u ya fito da sifika bakin ƙofa.

Muka fara kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sa nasa sai ya matso gaba. Masu waya suka riƙa kara ta a bakin sifikar suna ɗauka, marasa waya suka roƙi maƙwabta su ɗaukar musu. Gurnanin bai fasa ba. Ana tsakiyar kiɗan gayya sai ya yanke, sai tsofaffin da suka yi noma da kiɗan nan su cike gurbin da bakinsu har ya dawo. Tsohon liman ya tsaya a tsakiyar addu'a, ɗansa ya ƙarasa masa. Tabawa ta ji mijinta yana cinikin bijimi yana rantsuwa, ta ce har a kaset ma ƙarya yake, bijimin nan bai kai haka ba, aka yi dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Waƙar Tasalla ce ta ƙarshe, rana ta yi ja. Nomau ba shi da waya. Ya je gida ya dawo da ƙwarya sabuwa da faifan rufi. Ya durƙusa ya kafa bakin ƙwaryar a jikin sifika. Samari suka fara dariya, na dube su suka daina. Muryar yayata ta fito, da ƙarar dutsen niƙa a ƙarƙashinta:

"Kwanta Nomau, kwanta a bayana,
Dawa da saura, hannu bai gaji ba."

Nan ta yanke. Uwale ce ta ɗauka daga cikin mata, sauran suka bi ta, har Tasalla ta dawo ta same su a kan hanya. Da aka gama Nomau ya yi maza ya kifa faifan a kan ƙwaryar, ya ɗaure da tsumma, ya rungume ta ya tafi gida yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da nono.

Da safe Sabi'u ya goge kwamfutar. Gurnani ya ɗauke, ta yi shiru kamar sabuwa. Ya kawo tsohuwar manhajar zai mayar, sabon tsarin ya ƙi karɓarta. Ya gwada wata manhajar, ya gwada wata, ba wadda ta iya buɗe abin da ke cikin filas ɗin, don waccan ta ajiye muryoyin ne ta hanyar da ita kaɗai ta sani. Ya kai filas ɗin Kano, ya kai Kaduna. Suna nan a ciki, an ce, amma ba mai iya sa su magana. Can bayan kaka ya zo ya zauna a dakalin shago kansa a ƙasa. Ya ce ya haɗu da wani tsohon ma'aikaci da ya san manhajar, mutumin ya ce ba wani ciwo ba ne, faifan da aka sa mata na ƙarshe take nema, akwai wani ɗan wuri da ake dannawa a ce ta daina, shi ke nan. Na miƙa masa goro.

Abin da ya rage wa Kwarin Maje na muryoyin matattunta shi ne abin da aka kwasa a yammacin nan. Yana cikin wayoyin mutane, da kukan yara da tarin tsofaffi da muryar masu rai a inda ta matattu ta yanke. Sabi'u ya bi gida gida ya tattara su. Ba su kai na da kyau ba, kuma da yawa ba a kai ga kunna su ba kafin magariba, waɗannan sun tafi. Ta Tasalla tana wayar mutum da yawa. Na kunna wa Nomau sau ɗaya, ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan ta su Uwale ce, sun sa baki a ciki. Ta Inna zalla tana wurinsa.

Ƙwaryar tana rataye a ragaya a ɗakinsa. Uwale ba ta bari ko akuya ta kusanci wurin. Ranar wata Juma'a ya zo shago rungume da ita, ya cire takalmi, ya zauna, ya ɗora ta a cinya. Ya tambaye ni ko ya buɗe mu ji kaɗan ya mayar ya rufe.

Na dubi ƙwaryar. Na ce, "A'a. Kada ka buɗe sai na ce."

Ya ce to. Ya kara kunnensa a jikinta, ya yi shiru, sannan ya ce Inna tana nan lafiya, ya tashi ya tafi. Shi ba zai buɗe ba, na san shi. Ni kuma ba zan ce ba.